Aulis Mai Fito da Ƙudan Gangare

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a Halmekoski, kuma a tsawon wannan lokaci mutum ɗaya ne kaɗai ya taɓa miƙo mini kwalin ashana ya ce in aika masa babban birni. Shi ne Aulis Karppinen, mai fito a kogin garinmu. Ranar farko na jijjiga kwalin a kunnena in ji abin da ke ciki, sai ya daka mini tsawa.

"Kai Tauno! Ka karya musu ƙafafu!"

"Su wa?"

"Ƙudaje. Guda shida ne."

Na yi dariya har sai da kekena ya faɗi. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya karɓe kwalin, ya buɗe ya duba, ya ƙara cusa auduga, sannan ya mayar mini.

Aulis ya girme ni da shekara huɗu. Da fari aikin tura gungumen katako yake yi a kogi, kamar ubansa. Yana shekara goma sha tara tarin fuka ya kama shi, aka kai shi asibitin masu tari, ya yi shekara biyu a kwance. A gadon kusa da nasa akwai wani malamin makaranta, Malam Forsman, wanda ciwonsa ya riga ya yi nisa. Ba su da abin yi sai kallon taga. Wata rana da hantsi malamin ya kira shi ya nuna masa wani ɗan ƙuda a jikin gilashi, bai kai ƙwayar gero biyu ba, yana gudu da ƙafa maimakon ya tashi. Ya ba shi madubin ƙara girma ya ce ya duba. Aulis ya sha gaya mini cewa yana kallo ƙudan ya daka tsalle ya cafke wani ƙwaro da ya fi shi ƙanƙanta, ya matse shi da ƙafafu, ya soka masa baki. "Kamar kyarkeci," in ji shi, "amma a kan taga." Da malamin ya rasu, madubin da wani littafi na Jamusanci suka zama nasa. Da ƙamus ya koyi karanta littafin, kalma bayan kalma.

Ya dawo gida da huhu ɗaya. Aikin katako ya fi ƙarfinsa, sai hukumar gari ta ba shi jirgin fito. Aiki ne na jira. In babu mai tsallakawa, sai ka hango shi a bakin ruwa da farar raga yana sharar ciyawa, ko ya durƙusa gaban kututture da wata 'yar kwalba mai bututun roba a bakinsa, yana zuƙo abin da babu wanda yake gani sai shi. Mutum mai huhu ɗaya, kowace zuƙa sai ya tsaya ya huta.

Mutanen gari ba su bar shi ya sha iska ba. In ya shiga kanti, Veikko mai kanti zai ɗaga murya: "A rufe sukari, ga sarkin ƙudaje ya iso da jama'arsa!"

Aulis yakan ce, "Nawa ba sa shan sukari, Veikko. Nama suke ci. Kai dai ka rufe tumbinka."

Ni ma cikin masu tsiyar nake, har ranar da ruwan sama ya tsare ni a gidansa. Matarsa Rauha ta zuba mini kofi, ta yanko burodi da kifi mai gishiri, shi kuma ya jawo ni gaban wani tsohon madubin likita da ya samu a hannun wani likitan dabbobi.

"Rufe ido ɗaya. A'a, ɗayan. Me ka gani?"

Na ga wata halitta mai ƙusumbi, bayanta ya yi tudu, kanta ɗan ƙarami kamar ƙwallo, kusan dukkansa idanu ne, ga baki a miƙe ƙasa kamar tsinke. Na janye kaina da sauri.

"Koma ka dubi ƙafar tsakiya," in ji shi. "Ka ga cinyar ta fi sauran kauri? Ka ga ƙayoyi layi biyu a ƙarƙashinta? Ƙwaurin yana naɗowa ya kwanta a tsakaninsu, kamar yadda kake ninke wuƙar aljihu. Abin da ya shiga nan ya gama yawo."

Ya sa mini wani. Wannan ƙafar gaba ce mai kaurin. Wani kuma ta baya. Ya ce da haka ake fara raba su gida-gida: wace ƙafa ce ta kamu, yadda jijiyoyin fiffike suka rabu, tsawon ɗan gashin da ke kan ƙahon kansu. Amma in ana son sanin ainihin iri, sai an samu namiji. Matan da yawa kamarsu ɗaya. Namijin kuwa a ƙarshen wutsiyarsa akwai kayan aurensa, a murɗe suke zuwa dama, ɓangaren hagu bai yi daidai da na dama ba, kuma kowane iri da irin murɗewarsa.

Rauha ta ce daga bakin murhu, "Ka ji ko, Tauno? Mijin wasu kifi yake kawowa gida. Nawa wutsiyar ƙuda yake leƙe."

"Kin ci kifi jiya," in ji Aulis.

"Wanda maƙwabta suka ba mu."

Tana tsiyar, amma rabin aikin nata ne. Aulis yana da manyan yatsu, rubutunsa kamar tafiyar kaza. Rauha kuwa telar mata ce, tana iya rubuta sunan wuri da kwanan wata da sunan ƙuda a takardar da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Kowane ƙuda da ya soke a fil, ita ce ke rubuta masa takardarsa. Sunayen Latin duk ta haddace su, in ya yi kuskure ita ke gyara masa. In bazara ta yi, da yamma sukan zauna a bakin kogi su kalli waɗansu irin suna taruwa a ƙarƙashin rassa, suna hawa suna sauka a iska wuri ɗaya. Don haka ake ce musu ƙudaje masu rawa. Rauha takan ce rawar da ya taɓa kai ta ke nan tun da suka yi aure.

'Yarsu ɗaya, Sinikka. Ita ba ta taɓa son abin ba. A makaranta 'yar ƙuda ake ce mata, kuma ta tashi a gidan da ba a buga ƙofa da ƙarfi, ba a gudu kusa da tebur. Tana cika shekara goma sha takwas ta bi sauran samari da 'yan mata zuwa Suwidin, ta samu aiki a masaƙa. Wasiƙunta sunan uwarta kawai suke ɗauka. Ni nake kawowa, na sani.

Kwalayen ashanar nan wurin wata mata suke zuwa, Dakta Lindroos, a gidan adana ƙwari na babban birni. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ita ce take duba abin da ya aika ta rubuto masa ko ya dace ko ya kuskure. A cikin shekara ta 1966 ya aika mata wani ƙuda da ya kama a Gangare, wato wurin da kogi yake zubowa a kan duwatsu, tafiyar rabin awa sama da mashigin jirginsa. Baƙi ne mai sheƙi, da zane biyu masu duhu a fiffike. Ba ya son tashi, gudu yake yi a kan jiƙaƙƙen dutse inda ruwa ke fantsama, kuma kwana goma kacal yake fitowa a watan Yuli. Amsar ta zo da sauri. Ta ce ba ta san shi ba, ta duba duk littattafan da take da su ba ta gan shi ba. Mai yiwuwa sabon iri ne da ba a taɓa ba shi suna ba. Amma ƙudan da ya aiko mace ce. Ta ce ya nemo namiji.

Na same shi a jirgi yana karanta wasiƙar karo na uku.

"In sabo ne, wanda ya gano shi ke raɗa masa suna," ya ce. "Ka san sunan da zan sa?"

"Veikko," na ce.

"Rauha. Za a rubuta shi a littafi, a Jamus ma a karanta."

Da Rauha ta ji ta ce, "Wasu sarƙa ake saya musu. Ni ƙuda mai ƙusumbi." Amma na ga ta juya tana goge kofin da ta riga ta goge.

Shekara tara yana zuwa Gangare kowane Yuli. Ya kama mata bakwai, namiji ko ɗaya. Yana cikin haka aka fara gina madatsar ruwa ta wutar lantarki a ƙasa da wurin. Aka sanar cewa da kakar 1975 za a rufe ƙofofin madatsar, ruwa zai hau ya shanye Gangare, hanya kuma za ta bi ta kan madatsar, ba sauran bukatar jirgin fito.

A hunturun da ya gabaci wannan shekarar Rauha ta fara rama. Aka kai ta asibiti, aka buɗe cikinta aka mayar aka rufe. Ciwon daji ne. A watan Yuni ta ce a dawo da ita gida. Aka sa gadonta a ɗakin zama kusa da taga. Aulis ya ajiye raga, ya nemi wanda zai riƙe masa jirgi, ya zauna yana ba ta romo da cokali. Yuli ya kama, kwanakin ƙudan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kullum kuma ruwan sama.

Ranar goma sha bakwai ga wata gari ya waye tas, rana ta fito da zafi. Na zo da kati daga Sinikka, ta rubuta cewa tana hanya, za ta iso a motar ƙarfe uku na wannan ranar. Na karanta wa Rauha. Ta yi murmushi, sannan ta dubi taga, ta dubi mijinta.

"Tsoho, yau kwana nawa ya rage musu?"

"Su wa?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Ka ga rana. Irin ranarsu ce."

"Ba inda zan je."

"Baɗi ruwa ne a wurin. Tashi ka ɗauki kwalbarka. Ga Tauno nan zai zauna da ni, wasiƙun mutane ba za su ruɓe ba. Ina nan sai Sinikka ta zo, ba ni da niyyar zuwa ko'ina kafin ƙarfe uku."

"Rauha..."

"Shekara tara ina jiran a sa ni a littafi. Ka tsaya nan kana kallona kamar saniya a bakin shinge. Tafi."

Ya tsaya a ƙofa ya daɗe. Sannan ya ce awa biyu kawai zai yi. Ya ɗauki kwalbar ya fita.

Na zauna da ita. Ta tambaye ni ciwon ƙafar uwata. Ta ce in buɗe taga ta ji ƙarar kogi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi numfashinta ya canza. Na ruga na kira matar maƙwabcinsu, muka dawo tare. Ba a yi minti goma ba ta cika. Ba ta kira kowa ba, ba ta bar wata magana ba.

Na hau keke na nufi Gangare. Hanyar daji ce, rabinta sai da na tura. Na hango shi tsakiyar duwatsu, ruwa har gwiwa, ya ɗaga kwalba sama yana dubawa a rana. Da ya gan ni ya fara ihu, ƙarar ruwa ta hana ni ji. Ya tsallako dutse bayan dutse, yana haki, fuskarsa kamar ta yaro.

"Namiji ne, Tauno! Na ga wutsiyar! Namiji ne!"

Sai ya dubi fuskata. Ya zauna a kan dutsen da yake tsaye, ƙafafunsa a cikin ruwa. Na ɗauka zai jefar da kwalbar. Bai jefar ba. Ya toshe bakinta da kyau, ya sa a aljihun ƙirji, ya balle maɓalli.

Ya kasa tafiya da sauri, sai tsayawa yake yi yana riƙe itace. Motar kuma ta zo da wuri a ranar. Da muka fito daga daji Sinikka tana tsaye a ƙofar gida, jakarta a ƙasa. Ta dubi wandonsa da ke ɗiga, ta dubi bututun roba da ke rataye a wuyansa.

"Ina ka je, Baba?"

Ya dubi ƙofar gidan a bayanta.

"Na ce ina ka je?"

Na buɗe baki zan yi magana, ya kama hannuna ya matse. Bayan jana'iza da kwana biyu ta koma Suwidin. A shekarun da suka biyo baya kati ɗaya nake kawo masa daga wurinta, na Kirsimeti, da sa hannu kawai.

Da kaka ruwa ya hau. Gangare ya zama tafki shiru. Aka ja jirgin fito aka kifa shi a kan tudu. Aulis ya ci gaba da kama ƙudajensa a gefen daji na wasu shekaru, yana rubuta takardun da kansa, manya-manya, ba kyau. Namijin nan ya soke shi a fil, ya sa shi shi kaɗai a wani ƙaramin akwati, ba takarda. Kafin a tabbatar da irinsa sai an yanke ƙarshen wutsiyar an jiƙa a magani an buɗe a ƙarƙashin madubi. Ya yi wa ɗaruruwa haka. Wannan ya kasa. Dakta Lindroos ta rubuto tana tambaya ko ya dace kafin ruwa ya hau. Bai ba ta amsa a kan wannan ba.

Wata shekara ta aiko masa da sabon littafi. Masana sun sake lissafin dangin, sun cire irin nasa masu ƙusumbi daga cikin babban gidan ƙudaje masu rawa, sun ba su gida nasu da suna nasu. Ta ba shi shawara ya sake takardun da ke kan akwatunansa. Ya karanta littafin duka, ya ce sun yi gaskiya, shi ma ya daɗe yana ganin ƙafafunsu da wutsiyarsu ba irin na sauran ba ne. Amma takardun Rauha ce ta rubuta, ya ce ko ɗaya ba za a cire ba.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe masa gani, hannunsa ya fara rawa. Na riga na bar aiki lokacin, amma kullum da hantsi ina zuwa mu sha kofi in karanta masa jarida. Da kakar 1988 ya ce in ɗauko masa ƙaramin akwatin. Ya sa ni na cire fil ɗin da kaina, yana ta faɗa: "A hankali, kai! Ba ƙusa ba ce." Muka sa a kwalin ashana, na rubuta abin da ya faɗa mini, wuri da kwanan wata, na kai gidan waya.

Amsa ba ta zo ba sai cikin Fabrairu, dusar ƙanƙara ta kai taga. Na buɗe na fara karantawa a zuci, ya ji na yi shiru.

"Karanta yadda take. Kada ka gyara mata magana."

Dakta Lindroos ta rubuta cewa ta buɗe wutsiyar ta zana ta, ta aika zanen wa wani abokin aikinta a Rasha. Shi kuma ya gano cewa tun kafin yaƙin duniya na biyu wani mutumin can ya kama irin wannan ƙudan a wani kogi na arewa mai nisa, ya ba shi suna a wata mujalla da ba ta taɓa isowa ƙasarmu ba. Ba sabon iri ba ne. Amma ba a taɓa samunsa a ƙasarmu ba sai a hannun Aulis, kuma za ta rubuta haka. Ta ce ta yi baƙin ciki.

Kofinsa ya huce.

"Sake karanta wurin kogin."

Na sake.

"Shi wannan kogin, an datse shi?"

"Ba ta faɗa ba."

"To ashe suna da 'yan'uwa a wani wuri. Na ɗauka na Gangare ne kaɗai, ruwa ya cinye su duka." Ya shafa tebur da tafin hannu. "Sunan wa aka sa masa?"

Na duba. "Ta ce sunan kogin ne."

Ya gyaɗa kai. Na tashi zan ƙara itace a murhu, sai na ji ya ce a bayana, ba da ƙarfi ba, "Da na zauna a gida, Tauno." Na juya, hawaye na bin gemunsa. Tun ranar Gangare ban ga ya yi kuka ba sai ranar.

Ya rasu a watan Afrilu, sanyi ya kama huhun da ya rage. Akwatunansa arba'in da ɗaya gidan adana ƙwari ya aiko mota ta kwashe. Sinikka ta zo jana'iza da mijinta. Ta yi furfura a gefen kai, maganarta ta ɗan karkata irin ta Suwidin. Bayan an fito daga coci ana shan kofi a zauren taro, na same ta ita kaɗai a bakin taga. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da maganar, domin shi ya hana ni faɗa. Na ga yanzu ba mai hana ni.

"Sinikka, 'yata, akwai abin da ba ki sani ba. Ranar nan ina wurin. Ba shi ya ce zai tafi ba. Uwarki ce ta kore shi, da bakinta, sau uku tana cewa ya tafi. Ya ƙi, ta matsa."

Ta juya cokali a kofinta, ba ta dube ni ba.

"Na sani, Baba Tauno."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Na san Mama. Ko a wace rana ce haka za ta ce masa." Ta ajiye cokalin. "Shi ne bai kamata ya ji maganarta ba."

Ta tambaye ni ko ya sha wahala a ƙarshe, na ce kwana huɗu ne kawai. Ta tambaya wa yake dafa masa abinci a shekarun nan, na ce shi da kansa, dankali da kifi, wani lokaci matata ta aika masa miya. Ta ce in gode mata. Mijinta ya zo ya ce in ba su tashi yanzu ba jirgin ƙasa zai wuce su. Ta ba ni hannu, ta riƙe nawa ya ɗan jima, sannan ta ɗauki rigar sanyinta suka fita.